Hasken da Murjani Ke Ci: Yadda Ake Zaɓen Ƙwan Fitilar Akwatin Ruwan Teku

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau wani irin kiwo za mu leƙa, wanda bai yaɗu a wajenmu ba tukuna, amma ya yi ƙarfi a Amurka da Jamus da Japan da Ostireliya. Kiwon murjani ne mai rai, a cikin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, a falo ko a ofis ko a ɗakin bincike na jami'a. Duk wanda ya shiga wannan harka, akwai tambayar da ba ya tsallakewa: wane ƙwan fitila zan ɗora a kan akwatin nan? Zai je shago, a jera masa ƙwayaye, wannan an rubuta masa 6,500K, wancan 10,000K, na gaba 14,000K, na ƙarshe 20,000K. Wanne zai ɗauka?

Kada wani ya ce wannan magana ba ta shafe shi ba. Ɗauki kwalin ƙwan lantarkin da ka saya wa ɗakinka, ka juya bayansa, sau da yawa za ka tarar da lamba irin wannan da harafin K a gefenta. Idan muka gama shirin yau, in Allah ya yarda, za ka san abin da lambar ke faɗa, za ka kuma san inda bakinta ya tsaya. Ku dai ku biyo mu.

(Gajeren kiɗa)

Mu fara da shi kansa murjanin. Da yawanmu mun san shi a wuyan mata, jan dutsen ado mai tsada. Wancan ƙashin wata halitta ce da ake cirowa daga tekun Bahar Rum, wadda ke zaune a kogunan dutse da wurare masu duhu, ba ruwanta da rana. Wanda muke magana a kai yau ɗan'uwansa ne, mai gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa mai ɗumi, inda rana ke kaiwa. Shi ne ya gina Babban Shingen Murjani na Ostireliya mai tsawon kusan kilomita 2,300. Shi ne kuma ya cika Bahar Maliya, wadda alhazanmu ke ratsawa ta sama in za su sauka Jidda. 'Yan'uwanmu mazauna Fot Sudan maƙwabtansa ne, domin tsaunin murjani na Sanganeb yana da nisan kusan kilomita 25 ne kacal daga gaɓar Sudan, kuma a shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya. Gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma kuwa ba ta da irin waɗannan manyan tsaunuka, saboda ruwan daɗi da laka da manyan koguna irin su Kwara ke kwararowa, ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku a wasu lokutan shekara.

Murjani dabba ce, ko da yake ido na ganinsa kamar dutse ko tsiro. Tarin ƙananan halittu ne masu baki da 'yan hannaye, suna zaune manne da juna, suna gina wa kansu ƙashi na alli. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka ƙanƙanuwa, mai ƙwayar halitta ɗaya, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana na kiranta zuzantele. Ita ce ke karɓar haske ta sarrafa shi ya zama sukari, kamar yadda ganye ke yi, ta miƙa wa murjanin kaso mafi tsoka. A wasu nau'o'in, abin da take bayarwa kan kai kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da dabbar ke rayuwa da shi. Shi kuma murjanin yana ba ta mafaka da sinadaran da take buƙata.

To ka ga ke nan, fitilar da ke kan akwatin murjani abincinsa ce. Wanda ya zaɓi ƙwan da bai dace ba, ko dai ya bar dabbarsa da yunwa, ko ya ƙone ta. Wannan ne ya sa muka ware wa maganar shiri guda.

Yanzu sai lambar K. Mai sauraro, tuna maƙera. Maƙeri ya tura ƙarfe cikin gawayi, yaro na buga zuga-zugi. Da farko ƙarfen baƙi ne. Can sai ya yi ja mai duhu, ya koma ja jawur, ya koma ruwan goro, ya koma rawaya, in wuta ta yi wuta ya yi fari fat. Maƙeri ba ya buƙatar ma'aunin zafi, launin ƙarfen ya ishe shi sanin lokacin dukansa. Da a ce ƙarfen zai jure zafi ba tare da ya narke ba, da an ci gaba da zuga, farin nan zai fara ɗaukar shuɗi-shuɗi. Haka abin yake a taurari: jajayen su ne masu ƙarancin zafi, masu shuɗi-shuɗin su ne suka fi kowa zafi.

Wannan dangantaka tsakanin zafi da launi ita masana suka ɗauka suka mai da ita ma'auni. Harafin K yana nufin Kelvin, sunan sarautar wani masanin kimiyya ne, William Thomson, wanda ya koyar a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, kuma a shekarar 1848 ya kawo ma'aunin zafi da ke farawa daga matuƙar sanyi, wato kusan digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa. Idan aka rubuta wa ƙwai 2,700K, ana nufin launin haskensa ya yi kama da na abin da aka gasa har ya kai wannan zafi. Harshen kyandir yana wajen 1,900. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, wanda ke ba da haske rawaya-rawaya, yana wajen 2,700. Ranar tsaka tana tsakanin 5,500 zuwa 6,500. Sararin sama mai shuɗi, in gari ya washe, yakan wuce 10,000.

Abu biyu za mu riƙe a nan. Na farko, ƙaramar lamba tana nufin haske mai ja ko rawaya, babbar lamba tana nufin haske mai shuɗi. Na biyu, lambar launi take bayyanawa kawai. Ƙwan 20,000K bai fi na 6,500K zafi a hannu ba, kuma bai fi shi ƙarfin haske ba. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗi da dabbobi saboda sun ɗauka babbar lamba ita ce babban haske.

To me ya sa masu kiwon murjani ke neman lambobi manya haka, alhali rana ma ba ta wuce 6,500 ba? Amsar tana cikin ruwa. Farin hasken rana gauraye ne na launukan bakan gizo, kuma ruwan teku ba ya barin su wuce daidai wa daida. Ja yake fara shanyewa, kafin a kai mita 5 zuwa 10 kusan babu shi. Sai ruwan goro, sai rawaya, sai kore. Shuɗi ne ke nutsawa can ƙasa. Saboda haka murjanin da ke zaune a zurfin mita 1 yana shan farin haske mai ƙarfi, wanda ke zurfin mita 15 ko 20 kuwa duniyarsa shuɗiya ce. Ita ma gansakukar da ke jikinsa an halicce ta da sinadaran da suka ƙware wajen kama shuɗin haske. Babbar lamba a kan ƙwai ƙoƙari ne na kwaikwayon wannan zurfi a cikin akwatin da bai wuce rabin mita ba.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, in yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne kan yadda masu kiwon murjani ke zaɓen ƙwan fitila bisa lambar Kelvin. Bari mu ɗauki lambobin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Ƙwan 6,500K shi ne mafi kusa da ranar tsaka a kan ruwa maras zurfi. A cikin ƙwayayen da ake kira metal halaid, shi ne galibi ya fi ba da haske mai amfani a kan kowane wat na wuta, kuma murjani na girma da sauri a ƙarƙashinsa. Ƙwan Iwasaki na Japan ya yi suna a wannan aji. Matsalarsa a ido take: ruwan yakan yi rawaya-rawaya, murjanin ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, launukansa masu ƙyalli su dushe. Wanda burinsa ya hayayyafa murjani ya yi yawa, ko mai bincike, shi ne ke jure wannan.

Ƙwan 10,000K fari ne tas, mai ɗan sanyi a ido. Kifi na fitowa da launinsa na gaskiya, rawaya ta fito rawaya, ja ya fito ja. Girma ma yana tafiya yadda ake so. An daɗe ana ɗaukar sa a matsayin tsaka-tsaki, kuma yawanci akan haɗa shi da wata fitila shuɗiya a gefe don a cike gibi.

Ƙwan 14,000K fari ne mai shuɗi a bayyane. Da yawan masu kiwo a nan suka yada zango, domin ƙwai ɗaya na ba su girma mai kyau da launi mai kyau ba tare da sun ƙara wata fitila ba. Ƙwan Phoenix mai wat 250 ya shahara a wannan aji.

Ƙwan 20,000K shuɗi ne sosai, kamar mutum ya nutsa can cikin teku. A ƙarƙashinsa kore da ruwan goro da ruwan hoda na jikin murjani sukan yi ƙyalli kamar an kunna musu wuta daga ciki. Ƙwan Radium na Jamus shi ne aka fi ambata a nan. Amma a metal halaid, galibi haskensa mai amfani bai kai na ƙananan lambobi ba idan wat ɗinsu ɗaya, don haka girma kan ɗan ragu sai in an ƙara ƙarfi. Kifi mai rawaya ko ja kuma yakan rasa kyansa.

Akwai na biyar wanda ba shi da lambar K ko kaɗan, ana ce masa aktinik. Shuɗi ne mai karkata zuwa shunayya, tsawon zangon haskensa wajen nanomita 420. Dalilin rashin lambar shi ne ma'aunin Kelvin na hasken da ke kusa da fari ne. Idan haske ya zama launi ɗaya tsantsa, ya fita daga hurumin ma'aunin.

A nan ne zan roƙi mai sauraro ya ƙara kasa kunne, domin mun zo zuciyar shirin. Lambar da ke kan kwali ba shaida ce da za a rantse a kanta ba. Da zarar an wuce 10,000, lambar ta fi kusa da sunan kasuwa. Sayi ƙwan 14,000K na kamfani biyu, ka kunna su gefe da gefe, za ka iya ganin ɗaya fari, ɗaya shuɗi. Ko ƙwai ɗaya ne, in ka canza na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga cikinsa, launinsa da ƙarfinsa kan canza. Wani farfesan injiniyanci a Jami'ar Jihar Fensilbaniya ta Amurka, Sanjay Joshi, wanda shi ma mai kiwon murjani ne, tun daga ƙarshen shekarun 1990 ya riƙa auna ƙwayayen metal halaid da na'ura yana wallafa sakamakon, kuma awonsa ya nuna cewa abin da ke fitowa daga ƙwai sau da yawa ya sha bamban da abin da aka rubuta a kwalinsa.

Wata matsalar ta fi wannan girma, ita ce idonmu. Idon ɗan Adam ya fi jin haske kore mai rawaya-rawaya, wajen nanomita 555, shuɗi kuwa yana ganinsa dishi-dishi. Gansakukar murjani akasin haka take, shuɗin ne abincinta. Sai mutum ya dubi akwatinsa mai shuɗin haske, ya ga kamar da duhu, ya ƙara ƙarfin fitila, ya sake ƙarawa, bai san yana gasa dabbarsa ba ne. Bayan kwanaki sai ya ga murjanin ya kori gansakukarsa ya yi fari fat. Ma'aunin lumen da ake rubutawa a kwalin ƙwan gida ma bisa idon mutum aka tsara shi, don haka ba ya taimakawa a nan.

Ma'aunin da ya dace da murjani shi ne wanda ake kira PAR. Yana ƙirga yawan ƙwayoyin hasken da tsiro zai iya amfani da su, tsakanin nanomita 400 da 700, waɗanda ke sauka a wuri cikin daƙiƙa ɗaya. Akwai na'urar awonsa da ake tsomawa cikin ruwa, a ajiye ta daidai inda murjanin zai zauna. Ranar tsaka a ƙasashe masu zafi takan ba da wajen 2,000 a saman ruwa. Masu kiwo sun gano ta hanyar gogewa cewa murjani mai taushi, wanda ba ya gina ƙashi mai ƙarfi, yana wadatuwa da 50 zuwa 150. Mai ƙashi da manyan baki masu tsoka yana son wajen 75 zuwa 200. Mai rassa da ƙananan baki, irin su Akrofora, shi ne mai haɗama, yana neman 200 zuwa 400. Waɗannan lambobi su ne ke faɗa maka ko dabbarka ta ƙoshi. Lambar K kuwa tana faɗa maka yadda akwatin zai bayyana ne a idonka. Hausawa sun ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kada a fahimce ni cewa launi ba shi da tasiri a jikin murjani. Yana da shi, kuma bincike ya tabbatar. Ƙyallin nan da muke gani ya samo asali ne daga wasu sinadaran furotin da ke shan shuɗin haske su mayar da shi kore ko ja. Masanin Japan Osamu Shimomura ne ya fara gano irinsu a jikin wata halittar teku mai taushi a shekarar 1962, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2008 tare da wasu mutum biyu. A 1999 masana a Rasha suka fitar da irin wannan furotin mai jan ƙyalli daga wani dangin murjani, kuma yau likitoci masu bincike na amfani da shi wajen bin sawun ƙwayoyin halitta. Ƙungiyar Jörg Wiedenmann, wanda ke jagorantar ɗakin binciken murjani a Jami'ar Sawthamton ta Ingila, ta nuna cewa shuɗin haske ne ke zaburar da murjani ya ƙera waɗannan launuka. Masu bincike a Jami'ar Wageningen ta Holan kuma sun wallafa a 2014 cewa wani nau'in murjani mai rassa ya fi lafiya a ƙarƙashin shuɗin haske, jan haske kuwa ya raunana shi. Darasin shi ne dole shuɗi ya kasance ginshiƙi, ja kuma a taƙaita shi. Bayan wannan, yawan farin da za ka ƙara ya rage ga abin da idonka ke so.

(Gajeren kiɗa)

Fitilu iri uku ne suka mamaye wannan harka, kuma yadda ake zaɓen launi ya bambanta a kowanne.

Metal halaid shi ne tsohon zakara. Yana zuwa da wat 150 ko 175, da 250, da 400. Haskensa na ratsa ruwa mai zurfi, yana kuma jefa walƙiyar igiyar ruwa a ƙasan akwati kamar yadda rana ke yi. A wajensa, ƙwan da ka saya shi ne launinka har ya tsufa. Yana shan wuta, yana kuma fitar da zafi mai yawa. Irin wanda ke da baki biyu dole a sa masa gilashin kariya, domin yana fitar da haske mai ƙuna da ido ba ya gani, wanda ke cutar da murjani da idon mutum.

Na biyu shi ne dogon ƙwai siriri na fuloresan da ake kira T5, mai kaurin milimita 16, mai wat 24 ko 39 ko 54 ko 80 gwargwadon tsawonsa. Akan jera huɗu ko shida ko takwas, a gauraya su: misali uku shuɗi, biyu fari mai shuɗi, ɗaya shunayya. A nan mutum ne ke haɗa launinsa da hannunsa. Haskensa na bazuwa ko'ina, ba ya barin inuwa mai yawa.

Na uku shi ne LED, wanda yau ya karɓe kasuwa. Bai yiwu ba sai da wasu masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da shuɗin LED mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, suka kuma samu kyautar Nobel a 2014. Fitilar LED ta murjani tana ɗauke da ƙananan ƙwayaye masu launi daban-daban, kuma da wayar hannu ake ƙara wannan a rage wancan. Ba ta shan wuta sosai, ba ta dafa ruwa, tana kuma daɗewa. Haɗarinta yana cikin sauƙinta: mutum ya zauna yana murɗa launi kullum. Murjani kuwa yana ɗaukar makonni kafin ya saba da haske ɗaya, kuma ba abin da ke wahalar da shi kamar canji ba ƙaƙƙautawa.

To ga wanda zai zaɓa, ga tsarin da ya kamata ya bi.

Ya fara da dabbar. Wane irin murjani zai ajiye, kuma haske nawa yake buƙata? Idan kifi kaɗai ne a akwatin, kowane farin ƙwai mai kyau ya wadatar. Sannan ya dubi zurfin akwatin, domin abin da ya wuce santimita 60 yana buƙatar fitila mai ƙarfin ratsawa. Sai bayan ya tabbatar da ƙarfin haske ne zai zo kan launi. Ga mai farawa, tsakanin 10,000K da 14,000K wuri ne mai aminci. In da hali, ya je ya ga ƙwan a kunne a kan akwatin wani kafin ya biya kuɗi.

Idan zai sayi murjanin kansa, ya roƙi mai shago ya kunna farin haske. Shuɗin haske na ƙara wa murjani kwalliya, yana kuma ɓoye rauni da cuta da ƙananan ƙwari masu cin namansa.

Duk lokacin da ya canza ƙwai, ko ya kawo sabon murjani, ya bi a hankali. Sabon ƙwai ya fi tsoho ƙarfi nesa ba kusa ba, haka ma sauka daga 20,000K zuwa 10,000K na iya zama ƙarin haske mai yawa a dare ɗaya. Ya ɗaga fitilar sama, ko ya rage awoyinta, ko ya shimfiɗa raga biyu ko uku a saman akwatin ya riƙa cire ɗaya duk mako. Mai LED ya fara da ƙasa-ƙasa ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sabon murjani a fara ajiye shi a ƙasan akwati. Sannu ba ta hana zuwa.

Ya koyi karanta jikin dabbarsa. In ta fara kodewa, ko ta ƙanƙame ta ƙi buɗewa da rana, haske ya yi yawa. In ta koma ruwan ƙasa mai duhu, ko tana miƙa wuya sama, haske ya yi kaɗan. Ƙarancin haske yana ba ka makonni ka gyara, yawansa kuwa na iya kashewa cikin kwanaki, don haka in za a yi kuskure gara a yi shi ta ɓangaren ƙaranci.

Awoyin haske su kasance 8 zuwa 12 a rana, a lokaci ɗaya kullum, dare kuma ya zama dare. Ƙwan metal halaid da na T5 a canza su bayan wata 9 zuwa 12, ko da suna kamawa, domin ƙarfinsu na raguwa kuma launinsu na gocewa ba tare da ido ya lura ba. A rubuta ranar da aka sa ƙwai a jikin fitilar. Tsohon ƙwan kuma kada a fasa shi ko a bar wa yara, domin akwai zaiba a cikinsa, kuma guba ce. A riƙa goge gishirin da ke daskarewa a gilashin fitila. Ruwan da ya tsufa ya yi rawaya ma yana tare shuɗin haske, shi ya sa ake tace shi da gawayi na musamman. In gansakuka maras amfani ta mamaye akwati, kafin a zargi ƙwai a fara duba yawan abincin da ake zubawa da dattin da ya taru a ruwa.

Ga wanda ke zaune a ƙasarmu mai zafi yake sha'awar wannan kiwo, akwai gargaɗi na musamman. Murjani yana son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27. A watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafin gari kan haura 40. Ɗora metal halaid mai wat 400 a kan ruwa a irin wannan yanayi hukuncin kisa ne, sai in da na'urar sanyaya ruwa. LED ya fi dacewa da mu. Kuma tun kafin a sayi ko da dutse ɗaya, a tabbatar da wutar da ba ta yankewa, ta sola ko ta batir, domin murjani zai iya jure kwana biyu babu fitila, amma in famfon da ke juya ruwa ya tsaya, cikin awoyi kaɗan iska ta ƙare kifi su fara mutuwa. Wanda ba shi da wannan hali, ya haƙura har Allah ya hore masa. Rai ne, ba kayan ado na roba ba, kuma duk dabbar da mutum ya tsare a hannunsa, haƙƙinta na wuyansa.

Wannan haƙƙi ya ƙara nauyi a zamaninmu. Tsaunukan murjani ba su kai kashi 1 cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku sun dogara da su. Ƙarin zafi na digiri 1 kacal sama da yadda aka saba a lokacin zafi, in ya ɗauki makonni, ya isa ya sa murjani ya kori gansakukarsa ya yi fari, kuma hasken rana mai ƙarfi yana tsananta abin. Duniya ta ga wannan annoba a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 zuwa 2017, sannan a watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da karo na huɗu. Cinikin murjani mai ƙashi tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ake kira CITES, sai da takardar izini. Mai kiwo na ƙwarai yakan nemi murjanin da aka hayayyafa a akwati ko a gonar teku, ya ba shi hasken da ya dace har ya girma, ya yanki reshe ya ba wani. Ta haka ake rage cirowa daga teku.

Jama'a, mu tattara abin da muka ji. Lambar K launi take nunawa, ƙarama rawaya, babba shuɗi. Ƙarfin hasken da murjani ke ci da ma'aunin PAR ake sanin sa. A fara da buƙatar dabbar, a sa shuɗi ya zama ginshiƙi, a ƙara fari daidai sha'awa, kowane canji a yi shi a hankali, a kuma kula da zafin ruwa. Ɗalibanmu na kimiyya, ga aikin gida: ku samo ƙwan 2,700K da na 6,500K, ku haska farar takarda da jan ƙyalle da shuɗin ƙyalle a ƙarƙashin kowanne, ku rubuta abin da kuka gani, ku kai wa malaminku ku tattauna.

A nan za mu dasa aya.  Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya ba mu ikon riƙe amanar halittunsa na tudu da na ruwa. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)